Faɗuwa A Darasi Ɗaya: Ko Ƙofar Karatun Likita Ta Rufe Wa Yaran Zango Ke Nan?

Daga Wakilinmu a Akra

Ranar wata Laraba, wadda duk mutumin Akra ya san ita ce ranar da kasuwar Nima take ci, ina ratsawa ta layin masu hatsi da nufin in kama motar Maamobi, sai wata Hajiya ƙawar mahaifiyata ta ƙwala mini kira daga cikin rumfarta. Bayan mun gaisa ta tambayi iyali, sai ta kwance bakin zanenta, ta ciro wata takarda da aka yi ta ninkewa har ta fara yagewa, ta miƙo mini ta ce, ɗana, kai da kake magana a rediyo, duba mini wannan ka gaya mini gaskiya ko da babu daɗi.

Takardar sakamakon jarrabawar kammala sakandare ce ta jikanyarta, wadda take riƙo tun tana 'yar yaye. Yarinyar ta yi ajin kimiyya, kuma tun tana firamare babu abin da take faɗa in an tambaye ta sai likita. Na duba na ga A1 a Lissafi, A1 a Haɗakar Kimiyya, A1 a Bayoloji, B2 a Turanci, B2 a Fizis. Duk uban da aka kawo wa irin wannan sakamako ya isa ya yanka kaza. To amma a gaban Kemistiri an rubuta D7, kuma wannan harafi ɗaya da lamba ɗaya su ne suka hana gidan barci. Hajiya ta ce yarinyar ta kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Wani kawunta ya ce a bar wahala haka nan, ta zo rumfa ta kama awo kafin miji ya fito. Wani kuma ya ce ya san mutumin da zai gyara sakamakon a kwamfuta in an tura masa kuɗi ta waya. Na ukun ya ce a haɗa kuɗi a kai ta ƙasar waje, wai can ba a duba irin wannan.

Tambayar Hajiya ɗaya ce: idan yarinyar ta sake rubuta darasin nan ta ci, makarantar likita za ta karɓe ta, ko kuwa faɗuwar farko za ta yi ta bin ta kamar inuwa?

Ba Hajiya kaɗai ke da wannan tambaya ba. Lokacin da hukumar shirya jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato Wayek, ta fitar da sakamakon shekarar 2025 a nan Gana, fiye da rabin ɗaliban da suka zauna ba su sami makin da jami'a ke karɓa a Lissafi ba. A makon nan kuwa wayar gidan rediyonmu ba ta huta ba. Kuma na san masu karanta wannan shafi a Aflawo da Paga da Bawku, har zuwa Illela da Jibiya, da yawansu suna da ɗa ko ƙane ko jika da suke biya wa makaranta da kuɗin da aka tara a rana da ƙura, alhali su kansu ba su taɓa shiga ajin boko ba balle su san yadda ake wannan lissafi. Shi ya sa na ga ya dace a warware zancen dalla-dalla.

Lissafin da ya saɓa wa na kasuwa

A kasuwa mai yawa shi ne mai riba. A lissafin shiga jami'a a Gana kuwa akasin haka ne, mai kaɗan shi ne gwani. Tun shekarar 2006 da Gana ta koma jarrabawar da ake kira WASSCE, sakamako yana farawa ne daga A1, sai B2, B3, C4, C5, C6, sannan D7, E8 da F9. Daga A1 zuwa C6 su ne jami'a ke ɗauka a matsayin ci. D7 da E8 sunansu ci a takarda, amma a ƙofar digiri ba su da wani amfani, tamkar kuɗin da aka daina karɓa ne. A1 ana lissafa shi maki 1, B2 maki 2, B3 maki 3. Daga C kuma jami'o'i sun bambanta, wasu kowane C maki 4 suke ba shi, wasu kuma C5 biyar, C6 shida.

Mai neman likita darussa shida ake haɗa masa. Uku daga na dole, wato Turanci da Lissafi da Haɗakar Kimiyya, uku kuma daga na zaɓi, wato Bayoloji da Kemistiri, sai ɗaya tsakanin Fizis da babban Lissafi. Jimlar nan ita ce yara ke kira agiriget. Wanda ya sami A1 a duka shidan yana da 6, kuma babu abin da ya fi wannan kyau. Mai karatu ya lura da wani abu a nan: wanda ya faɗi Fizis yana da mafita idan babban Lissafinsa ya yi kyau, domin ɗaya na iya tsayawa a madadin ɗaya. Amma Kemistiri da Bayoloji ba su da magaji. Da jikanyar Hajiya a Fizis ta sami D7 ɗin nan, da wataƙila ba a yi wannan kuka ba.

A ƙa'idar gaba ɗaya, duk wanda ya sami C6 ko sama da haka a darussa shida ya cancanci neman digiri. Sai dai cancanta daban, samu daban. Gurbin likita kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai, saboda haka jami'a takan jera su daga mai 6 ta yi ta ɗiba har kujeru su ƙare, inda ta tsaya nan ne makin yanka na wannan shekara. A manyan makarantun likita na gwamnati wannan maki ba ya yin nisa da 6. Mai 7 ko 8 yana bakin ƙofa, mai 12 kuwa, duk da cewa yaro ne haziƙi wanda wasu sassan jami'a za su karɓe shi hannu bibbiyu, a layin likita yana can baya. Bayan haka ma akwai jarrabawar shiga da ganawa ta baki da makarantun ke yi wa waɗanda aka tace, don haka mai 6 ɗin ma bai tsira ba sai ya ga sunansa.

Wani abin lura shi ne, daga zangon karatu na 2024/2025 an fara aiki da sabuwar manhaja a makarantun sakandaren Gana, wadda ta sauya tsarin darussa. Wanda yaronsa ke cikin wannan rukuni, takardar ƙa'idojin shekarar da yaron zai nemi shiga ita ce abin dogaronsa, ba abin da ya faru da yayansa ba.

Nobdek

Jarrabawar da ake sake zama ita ce wadda kowa a Zango ya sani da suna Nobdek, saboda a da a watannin Nuwamba da Disamba ake yin ta. Ta masu zaman kansu ce, ba ruwanta da makaranta, kuma mutum yana zaɓen darussan da yake so ne ya biya kuɗinsu, ba sai ya sake duka ba. A farkon shekarar 2025 hukumar ta gudanar da wani zagaye na daban a watannin Janairu da Fabrairu, domin wanda ya faɗi ya sami damar gyarawa da wuri ba sai ya jira ƙarshen shekara ba.

Amsar tambayar Hajiya ta farko ke nan: a Gana jami'o'i suna karɓar haɗin sakamako. A fom ɗin neman shiga akwai wurin da ɗalibi zai sa lambar jarrabawarsa ta farko da shekararta, ya kuma sa ta biyu, sannan a ɗauki mafi kyau a kowane darasi. Zama na biyu ba ya goge na farko. Idan yaro yana da B2 ya sake zama ya sami C4, B2 ɗinsa tana nan daram a takardarsa ta farko. Haka kuma D7 ɗin ba ta ɓacewa, tana nan a takarda, illa dai ba da ita za a yi lissafi ba.

To amma ga inda iyaye da yawa ke yin asarar kuɗi da shekara. Na karɓi biro a hannun yaron rumfa, muka yi lissafi a bayan kwalin sukari ni da Hajiya. Darussa biyar da yarinyar ta ci sun ba da maki 7, wato ɗaya sau uku da biyu sau biyu. Idan ta sake Kemistiri kaɗai ta sami A1, jimlarta 8. Idan B3 ta samu, 10 ke nan. Idan kuwa C4 ce, ta tashi da 11. Wato ko da ta yi abin da ya fi kowane kyau, daga D7 ta yi tsalle zuwa A1, a bakin ƙofa za ta tsaya tana jiran sa'a. Wanda duk ya ce wa Hajiya a cike ramin Kemistiri kawai shi ke nan, bai yi mata lissafin gaskiya ba. Mai neman aikin jinya ko wani fannin kimiyya cike rami ya ishe shi. Mai neman likita kuwa ba ci yake nema ba, A1 yake nema, kuma sau da yawa dole ne ya sake zama har a darussan da ya ci da B, tunda babu abin da zai rasa in ban da kuɗin rajista da lokacin karatu.

A ganina wannan shi ne abin da masu makarantun share fage, waɗanda ake kira rimidiyal, ba su cika faɗa wa iyaye ba. Allunansu sun cika titi daga Nima zuwa Madina, kowa na cewa nasa ɗalibai sun fi ci. A cikinsu akwai na kirki ƙwarai, masu malaman da suka san aikinsu, akwai kuma waɗanda ɗaki ne kawai da benci da rasit. Kafin uba ya biya, ya tambaya a nuna masa malamin Kemistiri ido da ido, ya kuma tambaya ko sun taɓa fitar da mai A1 a darasin, ba mai C6 ba. Zuwa da kai ya fi aike.

Akwai kuma bambanci tsakanin jarrabawar makaranta da ta Nobdek wanda ya kamata yaro ya sani. A ta makaranta ana haɗa wani kaso na makin da ɗalibi ya tara a aji, a Nobdek kuwa abin da ka rubuta a ranar shi ne naka. Sannan a darussan kimiyya mai Nobdek ba ya shiga ɗakin gwaji ya riƙe kwalba, takarda ake ba shi mai tambayoyi a madadin gwajin. Wasu yaran wannan ya fi musu sauƙi, musamman waɗanda makarantarsu dama ba ta da kayan gwajin kirki. Wasu kuma a nan suke sake zamewa, domin ba su taɓa koyon amsa irin wannan takarda ba.

Shekarar jira ita kanta jarrabawa ce. Yaron da ya fito daga makarantar kwana ya dawo ɗaki ɗaya da mutum shida a Nima, ga hayaniyar gidan haya, ga abokai sun tafi jami'a suna turo hotuna. Idan mace ce, aikin gida da tallar rumfa suna jiran ta, ga kuma masu zuwa gaisuwa da yamma. Na sha ganin yaran da aka biya wa Nobdek da rimidiyal, amma ba a ɗauke musu ko aiki ɗaya na gida ba, daga baya a ce ba su da ƙwaƙwalwa.

Ƙofofin da ake da su

Tsohuwar makarantar likita a ƙasar ita ce ta Jami'ar Gana da ke Korle Bu, wadda aka kafa a zamanin Kwame Nkrumah, Farfesa Charles Odamtten Easmon ya zama shugabanta na farko, ta kuma yaye likitocinta na farko a 1969. Asibitin Korle Bu shi kansa tun 1923 aka buɗe shi, zamanin Gwamna Guggisberg. Sai ta jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi da ta fara a 1975, da ta Tamale a ƙarƙashin jami'ar UDS, da ta Kef Kos wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 2008, da kuma ta garin Ho. A nan Akra akwai masu zaman kansu, irin su Family Health da ke Teshie da Accra College of Medicine, waɗanda kuɗinsu sai mai babban jari. Karatun shekara shida ne, bayansa kuma a yi shekara biyu ana aikin sanin makama a asibiti kafin mutum ya tsaya da ƙafarsa.

Makin yanka ba ɗaya ba ne a waɗannan makarantu, kuma yakan motsa daga shekara zuwa shekara. Kuskuren da yaranmu ke yi shi ne su kafe a kan Korle Bu kaɗai saboda kusa da gida, su ƙi sayen fom ɗin Tamale ko Ho. Wasu jami'o'in kuma suna da gurbin masu biyan cikakken kuɗi, inda ake ɗan sassauta maki amma kuɗin ya ninka. Ɗan kasuwar da zai shiga wannan ya yi lissafin shekara shida, ba na shekarar farko ba, domin babu abin da ya fi ciwo kamar a cire yaro a aji huɗu saboda kaya sun maƙale a boda.

Wanda ya faɗi a cikin jami'a

Akwai wata hanya ta biyu da mutanenmu ba su san ta sosai ba. Jami'ar Gana tana da shirin shekara huɗu na karatun likita domin waɗanda suka riga suka yi digiri a fannin kimiyya, ana kiran sa GEMP, kuma Kef Kos ma tana da irinsa. Yaron da agiriget ɗinsa bai kai ba yana iya karanta wani fannin kimiyya na kusa, ya fito da digiri mai kyau, sannan ya zauna jarrabawar shiga wannan shiri. Hanya ce mai tsawo, mai tsada kuma, amma mutane suna bin ta suna zama likitoci.

A nan ne zancen faɗuwa da sake darasi yake canza kama. A jami'a kowane darasi yana da nauyinsa, kuma ana tara sakamakon tun daga shekarar farko har ta ƙarshe a fitar da matsakaici, wanda shi ke nuna darajar digiri. A Legon ana auna shi da ma'aunin da ya tsaya a 4, a Kumasi kuwa da kashi cikin ɗari, inda 70 zuwa sama ke ba da daraja ta ɗaya. Ɗalibin da ya faɗi darasi, abin da 'yan jami'a ke kira tirel, dole ya sake shi kafin a ba shi digiri. Sai dai cikakkiyar takardar sakamakon jami'a ba kamar ta Wayek ba ce da mutum ke da biyu ya zaɓi mai kyau. Guda ɗaya ce, tarihin ɗalibi ne zango bayan zango, kuma a jami'o'i da yawa faɗuwar da gyaran duka suna fitowa a ciki, duka kuma suna shiga lissafi.

Alal misali, a ce ɗalibi ya sami 30 a wani darasi, ya sake ya sami 80. Inda ake lissafa zama biyun, tamkar ya yi darussa biyu ne masu 55 kowanne. Tamanin ɗin ta taimaka, amma ba ta wanke talatin ɗin ba. Faɗuwa ɗaya a shekarar farko, a cikin darussa arba'in ko hamsin da ɗalibi zai yi kafin ya gama, ba ta isa ta rushe digiri ba idan sauran sun yi kyau. Abin da ke rushewa shi ne faɗuwa ta zama ɗabi'a, ko kuma ta zo a shekarun ƙarshe a darasin da ke da alaƙa da likitanci kai tsaye. Malaman da za su zauna da ɗalibi a ganawar baki suna iya ɗora yatsa a kan wannan layi su tambaye shi me ya faru. Wanda ya faɗi gaskiya a taƙaice, rashin lafiya ce ko rasuwa ko sakaci ne na ƙuruciya, sannan takardarsa ta nuna bai sake ba, ya fi wanda zai tsaya ɗora laifi a kan malami.

Idan an ƙetare iyaka

Masu karatunmu mutanen boda ne, da yawa suna da gida biyu, ɗaya a Akra ko Kumasi ɗaya a Sakkwato ko Kano ko Maraɗi, saboda haka sukan ce in Gana ta ƙi sai a gwada gida. To a sani cewa takardar Wayek ɗaya ce a ƙasashen biyu, amma hukuncin da ake yi mata ba ɗaya ba ne. A Nijeriya ba a haɗa agiriget irin na Gana. Ana neman kiredit biyar, a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fizis, sannan a zauna jarrabawar Jamb mai maki 400, a kuma bi tantancewar jami'a. Ta wannan fuska C4 a Kemistiri ba ta kashe mutum nan take kamar yadda take yi a Korle Bu. Amma jami'o'i da dama, ciki har da ta Ibadan da ta Legas, suna sharɗanta wa mai neman likita ya kawo kiredit biyar ɗin a zama ɗaya. Ga irin waɗannan, jikanyar Hajiya ko ta sami A1 a Kemistiri a Nobdek, haɗin takardu biyu ba zai karɓu ba, sai dai ta sake zama a dukkan biyar ɗin a lokaci guda. Saboda haka wanda yake da niyyar Nijeriya a zuciyarsa, tun wajen rajistar Nobdek ya kamata ya sa biyar ɗin gaba ɗaya. Kuma Fizis a can dole ne, babban Lissafi ba ya tsaya masa.

A Nijar tsarin Faransa ake bi. Jarrabawar Bak ba a cin ta darasi-darasi, ana haɗa komai ne a fitar da matsakaici a kan 20, kowane darasi da nauyinsa, wanda ya kai 10 ya ci. Wanda ya kusa kaiwa ana ba shi zagaye na biyu a wannan shekarar, wanda ya faɗi kuma sai baɗi, ya sake duka. Babu zancen ɗauko Kemistiri daga bara a haɗa da Lissafin bana. Masu neman likita a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi daga ajin kimiyya suke fitowa, kuma karatun da Faransanci ne, abin da yaron Nima zai fara tunani a kai ke nan.

'Yan'uwanmu da ke Amurka, musamman unguwar Bronx a birnin New York inda 'yan Zango suka yi yawa, nasu tsarin ya fi kowanne rashin mantuwa. A can sai an gama digiri na farko ake neman makarantar likita, kuma cibiyar da ke tattara takardun masu nema, AMCAS, tana lissafa kowane zama da ɗalibi ya yi a darasi, na faɗuwa da na gyara, ko da jami'arsa ta yafe masa na farkon a tata takardar. Ɗaya cibiyar, AACOMAS, a da tana maye tsohon maki da sabo, amma ta daina tun 2017. Duk da haka ana ɗaukar masu irin wannan tabo a kowace shekara, idan sakamakonsu na baya-bayan nan da jarrabawar shiga ta MCAT sun yi kyau. A Ingila kuwa wasu makarantun likita ba sa karɓar wanda ya sake zama sai da uzuri mai ƙarfi, wasu kuma suna karɓa.

Masu gyara a kwamfuta da dillalan ƙasar waje

Shawarar kawu na biyu ba ta buƙatar dogon bayani. Duk shekara idan sakamako ya fito hukumar Wayek takan yi gargaɗi a kan masu cewa a tura musu kuɗi ta waya su ɗaga maki. Abin da suke yi shi ne su gyara hoton takarda su turo, alhali jami'a ba hoto take dubawa ba, wurin hukumar take tabbatarwa. Ranar da asiri ya tonu, ko yaro ya kai aji nawa korar sa za a yi, ga kuɗi sun tafi ga suna ya ɓaci. Haka nan wanda aka kama da waya a ɗakin jarrabawa, ba darasin ranar kaɗai ba, sakamakonsa duka ake sokewa.

Shawarar kawu na uku ita ce mai ɗan kama da gaskiya, shi ya sa ta fi haɗari. Gaskiya ne akwai makarantu a Sin da Rasha da wasu ƙasashen gabashin Turai da ke ɗaukar ɗalibin da makinsa bai kai na Korle Bu ba, kuma likitoci na ƙwarai sun fito daga can suna aiki a asibitocinmu. Amma duk wanda ya yi karatun likita a waje, in ya dawo sai ya ci jarrabawar Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Gana kafin ya taɓa majinyaci, kuma ba kowa ke tsallake ta a zaman farko ba. Idan mai karatu bai manta ba, a 2022 da yaƙi ya ɓarke a Yukren, ɗalibanmu da yawa sun dawo da karatu a rabi, majalisar kuma ta ce ba za ta amince da karatun likita da aka ƙarasa ta intanet ba. Dillali ba zai faɗa maka wannan ba, shi la'adarsa yake nema. Kafin a sayar da fili ko a taɓa jari, a ɗauki takardar yaro da sunan makarantar a je ofishin majalisar a Akra a tambaya ko za su karɓi mai wannan sakamako daga wannan makaranta in ya dawo. Yarinyar da ke da D7 a Kemistiri, ko ina za ta je a duniya, gara ta gyara shi tukuna.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce, ga aikin jinya, ga ungozoma, ga haɗa magunguna, ga mataimakin likita, duka ayyuka ne masu daraja da albashi. Haka ne, kuma yaron da ya sake zama bai kai ba, babu abin kunya in ya kama ɗaya daga cikinsu. Sai dai duk wanda ya taɓa raka tsohuwarsa babban asibitin Maamobi ko asibitin sojoji na 37, ya ga yadda take kame-kame tana neman wanda zai fassara mata ciwon da ba ta iya faɗa a gaban ɗanta namiji, ya san abin da likita mace mai jin Hausa take nufi a unguwannin nan. Tun da aka fara karatun sakandare kyauta a 2017 yaran Zango da ke kaiwa ajin kimiyya sun ƙaru, kuma akwai wuraren neman tallafi, kamar asusun ilimi na Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu da Asusun Raya Zango da aka yi wa doka a 2017, waɗanda ya kamata iyaye su riƙa ƙwanƙwasa ƙofarsu da takarda a hannu.

Da muka gama lissafi a bayan kwalin, Hajiya ta yi shiru tana kallon lambobin, sannan ta tambaye ni nawa ne bambancin kuɗin darasi ɗaya da na biyar. Ta ce ita a sana'arta ba ta taɓa ɗaukar hayar mota zuwa Techiman ta dawo da buhu ɗaya ba. Ta sa aka kira yarinyar daga gida, ta zo idanunta a kumbure, aka yanke cewa za ta sake Kemistiri da Turanci da Fizis domin Gana, ta ƙara da Lissafi da Bayoloji saboda kawunta na Sakkwato ya ce a bar ƙofar can a buɗe. Hajiya ta kuma ɗauko wata 'yar ƙanwarta daga Ashaiman ta riƙa taya ta awo, ta ce daga ranar jikanyarta ba ta ƙara zaman rumfa sai ranar Laraba, ita ma daga azahar.